Inuwa a Kan Takarda

A Samaru aka koya mini
cewa bishiya da'ira ce in ka dube ta daga sama,
ɗigon tsakiya shi ne gindi,
ka ɗan goga fensir ta gabas, inuwa ta samu.
Shekara biyar ina dasa kurmi a kan takarda,
ban taɓa ɗaukar bokitin ban-ruwa ba.

Ranar da na kai takardar shaida gida
Inna ta juya ta, ta sake juyawa,
ta ce, "To Ladiyo, gini za ki riƙa zanawa?"
Na ce a'a, abin da ke tsakanin gini da gini.
Ta yi shiru, ta ce, "Ikon Allah,
yau har sarari ya sami ma'aikaciya."

Aikina na farko harabar wani ɗan asibiti ce a Gyallesu.
Kwana tara ina gaban kwamfuta,
na zuba kore iri uku, na jera kujeru,
na sa 'yan mutane marasa fuska suna yawo,
babu mai ko ciwon kai a cikinsu.
Alhaji Tanimu mai kwangila ya warware zanen a kan mota,
ya danne gefe da makulli, gefe da waya,
ya ce, "Ya yi kyau. Amma tsamiyar nan a sare ta,
a malala siminti, mota takwas za ta shiga."
Na ce tsamiyar ta girmi asibitin.
Ya ce, "Ni ma ta girme ni, amma ba ita ke biya ba."

Baba Jatau, mai renon dashe a bakin Kubanni,
shi ya kawo maɗaci goma sha biyu a kura.
A juye ya riƙe zanen, ban gyara masa ba.
Ya taka filin, yana danna dunduniya,
ya tsaya inda na fi alfahari da shi,
ya ce, "'Yata, nan ruwa ke kwana."
Na nuna masa kibiyata, na ce gangaren can ya nufa.
Ya tsuguna ya tsinko gemun-kwaɗo,
ya sa mini a tafi, bai ƙara magana ba.

Ruwan farko na zo da laima.
Na tsaya ina kallon jan ruwa
yana tsallake kibiyata kamar bai san ta ba,
yana bin sawun tsoho ɗaya bayan ɗaya
har ya kwanta inda aka ce zai kwana.
Daren nan na goge rabin kwana tara.

Tsamiya kuwa, ƙidaya na yi mata.
Ranar Talata da azahar, masu jinya goma sha tara,
da tabarmi, da kulolin abinci,
da wata tsohuwa da ke fifita jikanta da kwali.
Na rubuta adadin a gefen zane, na ja masa layi biyu.
An bar ta.
Daga baya na ji ba lissafina ya cece ta ba,
likita ne ba ya son motarsa a rana.
Na karɓa hakanan. Wanda ya ba ka inuwa
ba ka tambayarsa dalili.

Rabin kuɗina ya fito, rabi yana "sai wani satin".

Yanzu maɗatan sun kai gwiwa,
kowanne cikin kejin ƙaya saboda awaki.
A takarda inuwarsu taku goma ce,
a ƙasa ko kaza ba ta rufewa.
Nakan bi ta Ƙofar Doka in ɗaga kai ga tsofaffin rimaye,
in nemi inda mai dashen ya sa hannu.
Ni nawa sunan yana can ƙasan takarda,
cikin ɗan akwati, kusa da kwanan wata,
gara za ta riga kowa karanta shi.

Gobe da asuba Baba Jatau zai jira ni a bakin famfo.
Ya ce in zo da bokiti biyu,
na uku daga ƙofa ya fara sunkuyar da kai.